Daidaita iskar murhu: rage hayaƙi, kare huhun yaro

Wuta tana rayuwa da abu biyu, icce da iska. Idan iska ta yi kaɗan, icce ba ya ƙonewa sosai, sai ya fita a matsayin hayaƙi. Idan ta yi yawa, wuta takan cinye icce da sauri, zafi ya tsere ta gefen tukunya. Wannan ya shafi murhun laka ingantacce da na ƙarfe irin Mai Sauƙi, musamman idan murhun ya tsufa.

Me ya haɗa hayaƙi da tamowa?

Yaron da aka goya yana shaƙar hayaƙin da uwarsa take shaƙa, ga huhunsa bai yi ƙwari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan rabin mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ciwon haƙarƙari ke haddasawa suna da nasaba da hayaƙin cikin gida. Yaro mai tari da zazzaɓi ba ya cin abinci, sai ya rame. Yaron da ya rame kuwa, ciwo ya fi saurin kayar da shi.

Kafin ki hura wuta

Ki kwashe tokar jiya, domin ita ce ta fi toshe hanyar iska. Idan murhun ƙarfe ne, ki buɗe hudojinsa da tsinke. Idan na laka ne kuma ya tsage, ki liƙe tsagar da laka da aka kwaɓa da kashin shanu, don iska ta shiga ta baki kaɗai. Ki juya bakin murhu wajen da iska ke busowa, ki yi aiki da busasshen icce da aka faskara ƙanana.

Ki karanta wutarki

Da farko ki bar baki a buɗe har wuta ta kama. Icce biyu ko uku sun isa. Cika murhu da icce yana shaƙe wuta. Idan kika ga hayaƙi mai kauri, wuta na lumshewa, iska ce ta gaza: ki zare icce ɗaya, ki bar fili tsakanin sauran. Idan harshen wuta na ruri yana hawa gefen tukunya, iska ta yi yawa: ki kare rabin baki da tubali ko fasasshiyar tukunya.

Da zarar tukunya ta tafasa, ƙarin wuta ba ya ƙara saurin dahuwa. Ki rage icce, ki rufe tukunya. Wake da aka jiƙa tun dare yana nuna a kan wuta kaɗan. Kunun yaro ma, bayan ya tafasa, ki ci gaba da motsa shi a kan garwashi don kada ya kama.

Kada ki toshe bakin murhu gaba ɗaya. Lokacin hunturu kuma kada a shigar da garwashi ɗakin kwana a rufe ƙofa: yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kisa cikin barci. Ki yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa, yaro na nesa da murhu a hannun wani babba.

Ga wakilan lafiya na gari

Duk lokacin da kuke nuna yadda ake dama kunu mai gina jiki, ku nuna daidaita iska a kan murhun matar gidan, ita da kanta ta gwada. Yaron da ke tari, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana cikin natsuwa. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye alamar ciwon haƙarƙari ce. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Ku tura shi gidan likita a ranar, kada a jira gobe.