Sansar hayaƙi: Yadda ake gano abin da ke sa katafila rage ƙarfi

Duk wanda ya ɗauki hayar injin haƙa ko gireda na zamani domin aikin hanya, ɗibar marmara ko fasa dutse a yankin Rano da Kibiya yana iya cin karo da wannan matsala: inji na tsaka da aiki sai wata fitila ta kama a gaban direba, bayan 'yan sa'o'i kuma ƙarfinsa ya ragu har ya kasa ɗaga kaya. Tifofi su yi layi, leburori su zauna, kuɗin haya kuwa na tafiya. Idan an kira bakanike daga birnin Kano ya jona kwamfuta, lambar da za ta fito takan ambaci sansar hayaƙi, sai a garzaya Ƙofar Ruwa neman sabuwa. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin sansar gaskiya take faɗa, cutar tana wani wuri dabam.

Daga ina sansar ta fito?

Katafilolin da suka gina madatsar ruwa ta Tiga, maƙwabciyar Rano, tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba su san wata sansa ba. Amma daga 2014 dokokin Amurka da Tarayyar Turai suka tsananta kan hayaƙin manyan injina, sai kamfanoni suka mayar da salansa wata ƙaramar matata. A cikinta akwai matacin da ake kira DPF mai kama baƙin ƙunar hayaƙi, wanda kan ƙone abin da ya tara da zafin da ke kai wa kusan digiri 600. Akwai kuma sashen da ake fesa wa ruwan AdBlue domin ya karya gubar iskar da ake kira NOx.

Kwamfutar inji ba ta ganin cikin salansa, sai abin da sansoshi suka gaya mata: masu auna zafi, mai auna toshewar mataci, biyu masu auna NOx a mashiga da mafita, da mai auna yawan AdBlue da ingancinsa. Idan bayanansu suka saɓa, an tsara ta ne ta rage wa injin ƙarfi da gangan har sai an gyara.

Me ya sa abin ya fi yawa a nan?

Irin waɗannan injina galibi na hannu ne da aka ƙera domin ƙasashen da sinadarin farar wuta a man dizal ɗinsu bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, kamar Amurka, ko kashi 10 kamar Turai. A Najeriya a da an daɗe ana halatta har kashi 3,000, kuma mizanin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 kashi 50 ne. Farar wuta tana dakushe sinadaran cikin salansa, tana kuma gurɓata bakin sansa. Ga ƙurar hunturu da ta wurin fasa dutse, ga jijjigar aiki a kan fako da ke kwance soket, ga laka da ruwan damina da ke shiga wayarin.

Karanta lambar tukuna

Kada a goge lamba kafin a rubuta ta tare da sa'o'in da injin ya yi. Yawancin manyan injina suna bin tsari mai kashi biyu: SPN na nuna wurin, FMI na nuna irin matsalar. Misali, SPN 3216 sansar NOx ce ta mashiga, 3226 ta mafita, 3251 kuma mai auna toshewar mataci. FMI 3 na nufin wuta ta yi yawa a layin, 4 ta yi ƙasa, 9 kuma saƙo ba ya isowa kan lokaci. Waɗannan ukun sun fi nuni ga waya, soket ko fis. Idan kuwa lambar cewa ta yi abin da aka auna ya haura ƙima, to a fara zargin injin, da mai, da ruwan AdBlue.

Gwaje-gwajen da ba sa cin kuɗi

Na farko, a bi waya da ido da hannu daga sansa zuwa kwamfuta, a nemi inda ta goge da ƙarfe, ko ta narke a jikin salansa, ko inda soket ya yi tsatsa. A auna batir, domin raunin caji kaɗai yana haifar da lambobin ƙarya. Idan aka cire batir aka ɗora mita a kan tagwayen wayoyin da ke kai saƙo, ya kamata ta nuna kusan om 60.

Na biyu, a yi amfani da sanyin safiya. Injin da ya kwana a kashe, dukkan sansoshin zafinsa ya kamata su nuna kusan abu ɗaya da zafin gari. Wadda ta yi nisa da 'yan uwanta ita ce abar zargi. Haka mai auna toshewa: a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ta nuna sifili ko kusa da shi. A kuma cire siraran bututunta biyu a duba, domin sukan toshe da ƙuna ko su tsage.

Na uku, sansar NOx ba ta fara magana sai salansa ta yi zafi, saboda haka shirunta a kan inji mai sanyi ba laifi ba ne. Idan ta yi zafi, aka dakatar da fesa AdBlue ta kwamfuta, ya kamata ta mashiga da ta mafita su nuna adadi makusanci. Tazara mai yawa na nufin ɗayarsu ta kauce, ko kuma salansa na yoyo a tsakaninsu.

Hattara da takin yuriya

AdBlue yuriya ce tsantsa kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa. A yankin noma irin Rano da Kibiya, inda buhun yuriya ke kusa da hannu, wani zai ga kamar dabara ce ya jiƙa taki da ruwan burtsatse ya zuba. Araha ba ta ado: dattin takin da gishirin ruwan suna toshe bakin feshi, su lalata sashen da ya fi sansa tsada nesa ba kusa ba. Ko na gaskiyar ma yana lalacewa idan ya daɗe a rana cikin zafin da ya haura digiri 30. Farin gari da ya daskare a bakin feshi alama ce da za a bibiya. Hakazalika, matacin da ke saurin cika yakan nuna nozul mai zubar da mai, ko filtar iska da ta toshe, ko baƙin man da ba mai ƙarancin toka ba, wato ba ajin CJ-4 ko CK-4 ba.

Cire kayan fa?

Wasu kan fasa mataci su rufe bakin kwamfutar. Yin haka da ka yana iya cutar da injin, kuma hayaƙin da aka saki direba da mazauna gefen hanya ne za su shaƙe shi. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Wasu kamfanonin ƙera injina suna da tsarin sauya injin na hannu ya dace da man ƙasashe irin namu, ta hannun dilolinsu. Don haka mai niyyar saye ko haya ya tambayi ajin injin da irin man da yake sha tun kafin a ɗora shi a tirela zuwa Rano, ya kuma tabbatar bakanikensa ya nuna masa sakamakon awo kafin ya biya kuɗin sabuwar sansa.