Sabo da Soyayya: Nazari a kan Haɗuwar Zukata a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa in ana maganar soyayya a ƙasar Hausa, sai a ji wasu suna cewa baƙuwar al'ada ce wadda littattafai da finafinai suka kawo mana, wasu kuma su ce gamon jini ne kawai, ba abin da za a iya bincika ba ne. Wannan takarda ba ta goyi bayan ko ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan biyu ba. A shekarar 1992 masana biyu, William Jankowiak da Edward Fischer, sun duba bayanan al'ummomi 166 na duniya, suka sami shaidar soyayya a cikin 147. Harshenmu ma shaida ne, domin kalmomi irin su so da ƙauna da bege da kishi sun daɗe a bakin Bahaushe.

Maƙasudin takardar shi ne a nuna cewa sabo shi ne babban tushen so, amma kuma sabon yana da iyakarsa, kuma rashin sanin wannan iyaka yana cikin abubuwan da ke kashe aure. An zaɓi ƙasar Bagudo domin wuri ne da za a iya gwada ƙarfin sabo da ƙarfin iyakar hukuma.

2.0 Ƙasar Bagudo da Maƙwabtanta

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Daga cikin garuruwanta akwai Bagudo da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya da Zagga. A wannan yanki ne kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, kuma daga yamma ƙasar ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975. A ƙetaren iyaka akwai Segbana da Madekali da babbar kasuwar Malanville.

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ce mafarin wannan iyaka, alhali kuwa Dandawa da Bokawa da Fulani da Hausawa suna zaune a ɓangarorin biyu. Abin da iyakar ta raba shi ne kuɗi, watau Naira da Sefa, da harshen makaranta, watau Ingilishi da Faransanci, da kuma doka. Alal misali, dokar iyali ta Benin ta shekarar 2004 auren mace ɗaya kaɗai ta yarda a rubuta a hukumance. Addini da harshen kasuwa da zumunta kuwa suna nan a haɗe.

3.0 Kusanci da Sabo

Masana ilmin halayyar ɗan'adam sun daɗe da gane cewa mutum yakan so wanda yake yawan gani. A 1932 James Bossard ya duba takardun aure 5,000 a birnin Filadalfiya na Amurka, ya ga kashi ɗaya cikin uku na ma'auratan tazarar gidajensu kafin aure ba ta wuce layi biyar ba. A 1968 kuma Robert Zajonc ya yi gwaji inda ya riƙa nuna wa mutane hotunan fuskoki da kalmomin da ba su sani ba, sai ya tarar abin da aka fi maimaita musu shi suka fi so. Dalili kuwa shi ne, zuciya tana ɗari-ɗari da baƙon abu, amma in ta gan shi sau da yawa bai cuce ta ba, sai ta saki jiki da shi.

In muka ɗora wannan a kan ƙasar Bagudo, za mu ga kusancin da ke haifar da so ba da taswira ake auna shi ba, da yawan haɗuwa ake auna shi. Saurayin Lolo wanda ke cin kasuwa ɗaya da mutanen Madekali, yana shiga kwalekwale ɗaya da su, suna haɗuwa a suna da biki da ta'aziyya, ya fi kusa da budurwar can a kan budurwar Birnin Kebbi, ko da yake da wannan ta biyun suke jiha ɗaya. Bahaushe yakan ce garin masoyi ba ya nisa. Gaskiya ne, amma sai mu ƙara da cewa galibi daga garin da ƙafa ta saba zuwa ake samun masoyin. Rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin Nijeriya ta yi a watan Agusta na 2019 ya tsayar da motocin kaya, amma ba doka ce da za ta iya kwance surukuta ba.

Tsarin neman aure na gargajiya shi ma a kan sabo aka gina shi. Dandali da zance da toshi da gaisuwar iyaye duk matakai ne na maimaita gani a ƙarƙashin idon manya. Shari'ar Musulunci kuma ta halatta wa mai neman aure ya ga wadda yake nema.

4.0 Inda Sabo ya Tsaya

To amma Bahaushen da ya san amfanin sabo shi ne kuma ya ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum." Tun a 1891 Edward Westermarck, wani masani ɗan ƙasar Finlan, ya kawo ra'ayin cewa yaran da suka tashi gida ɗaya tun suna ƙanana ba su cika jin sha'awar juna ba in sun girma, ko da babu dangantakar jini a tsakaninsu. Bincike biyu sun ƙarfafa wannan ra'ayi. Joseph Shepher ya duba aure 2,769 na mutanen da suka tashi a ƙauyukan haɗin gwiwa na Isra'ila, inda ake renon yara a tare, bai sami ko ɗaya ba tsakanin waɗanda aka rena wuri ɗaya a shekaru shida na farkon rayuwarsu. Arthur Wolf kuma ya nazarci wata tsohuwar al'ada ta Taiwan, inda ake ɗauko yarinya tun tana ƙarama a rene ta a gidan yaron da za ta aura, ya tarar irin wannan aure ya fi sauran yawan mutuwa da ƙarancin haihuwa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda auren zumunci da riƙo sanannun abubuwa ne ga Hausawa da Fulani. Ya kamata a bambanta iri biyu. Akwai taubasai waɗanda ɗaya ya tashi a Illo ɗaya a Segbana, ba su haɗuwa sai da salla ko biki. Waɗannan suna da sabo gwargwado, ga kuma wasan taubasantaka da ke sauƙaƙa musu zance. Akwai kuma yarinyar da gwaggonta ta ɗauka riƙo tun daga yaye, ta tashi tana cin tuwo akushi ɗaya da ɗan gwaggon tana ce masa yaya. Shari'a ta halatta aurensu muddin ba su sha nono ɗaya ba, amma in ta ce ba ta iya kallonsa a matsayin miji, ba lalle ne taurin kai ko zugar ƙawaye ba. Ƙauna tana nan, sha'awa ce babu.

A nan ra'ayin Robert Sternberg na 1986 yana da amfani. A ganinsa soyayya duwatsun murhu uku gare ta: shaƙuwa da sha'awa da alkawari. Sabon ƙuruciya yana ba da na farko, iyaye suna iya ɗora na uku, amma na biyun ba mai iya dasa shi da umurni.

5.0 Hani da Amincewar Iyaye

Akwai kuma tambayar ko hani yana ƙara wutar so. A 1972 Richard Driscoll da abokan aikinsa sun nazarci masoya da ma'aurata 140 a Amurka, suka ba da rahoton cewa katsalandan ɗin iyaye yana tafiya tare da ƙaruwar so. Wannan magana ta bazu ƙwarai. Sai dai da Colleen Sinclair da abokan aikinta suka sake gwajin a 2014, akasin haka suka samu: waɗanda danginsu da abokansu suka amince da su su ne soyayyarsu ta fi ƙarfi. Saboda haka hikimar magabata ta shigar da iyaye cikin neman aure tana da madogara. Abin lura shi ne amincewa daban, tilas daban. Amincewa tana tallafa wa son da ya riga ya tsiro, tilas kuwa ƙoƙari ne na girbi inda ba a yi shuka ba, kuma sau da yawa ƙarshensa yaji ne ko neman hul'i a gaban alƙali.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, takardar ta nuna cewa so yana bin hanyoyin da ƙafa ke bi, shi ya sa kasuwa da kogi da zumunta suka fi iyakar 1898 tasiri a kan zaɓin abokin aure a ƙasar Bagudo. Ta kuma nuna cewa sabon da ya faro daga ƙuruciya a gida ɗaya yakan haifi 'yan'uwantaka maimakon sha'awa. Shawara ga iyaye da malaman addini da masu unguwanni ita ce, kafin a yanke maganar auren zumunci a tambaya ko yaran tare suka tashi, a kuma ji ta bakin kowannensu a keɓe. Mu kuma malaman kwalejojin ilmi, ya dace mu sa ɗalibanmu na wannan yanki su bi rijistar kotuna da bakin dattawa, su ƙididdige auren riƙo da sauran auren zumunci, a ga wanne ya fi ɗorewa a tsakanin Illo da Ka'oje da Segbana.