3.2 Gwajin Sulken Tangaran a Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, ya daɗe yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har a shekarar 2017 sojojin Nijeriya suka mai da shi filin horo. Motar sintiri a irin wannan daji tana buƙatar sulken da zai tare harsashi, amma wanda nauyinsa ba zai sa ta kafe da damina ba. Wannan ne dalilin amfani da tangaran, musamman alumina, wadda nauyinta kusan rabin na ƙarfe ne.

Tangaran ya fi harsashi tauri, saboda haka yakan farfasa bakin harsashin, shi ma ya tsattsage, sa'an nan farantin ƙarfen da ke bayansa ya tare ɓaraguzan. Da yake ido ba ya iya bin wannan aiki, tun ƙarshen shekarun 1960 Mark Wilkins na ɗakin binciken Livermore a Amurka ya kwaikwayi karon a na'ura mai ƙwaƙwalwa. A 1994 Johnson da Holmquist suka fitar da tsarin lissafin da ke nuna yadda ƙarfin tangaran ke raguwa bayan ya tsage.

Sai dai na'urar rage yawan gwaji kawai take yi. Harsashi na biyu yana iya sauka inda tangaran ya riga ya tsage, don haka dole a harbi sulken a zahiri kafin a damƙa masa rayukan sojoji.