Hattara da Sharuɗɗan da Ake Gindaya wa Kwamfuta a Lissafin Fatauci

Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930 fataucin hatsi da ƙaro da busasshen kifi ya bunƙasa a arewacin Yobe, kuma a yau lissafinsa ya fara komawa cikin kwamfuta. A manhajar Excel akwai wani sashe mai suna Solver, wanda ke lalubo yawan kayan da za su fi kawo riba, amma yana aiki ne bisa sharuɗɗan da aka gindaya masa, wato iyakokin da lissafin ba zai ƙetare ba.

Ɗan kasuwar da ke sayen shinkafa da gero a Gashuwa yana da aƙalla sharuɗɗa uku: kuɗin sayayya kada su wuce jarinsa, kaya kada su wuce buhu 300 mai kilo 100 idan motar tan 30 take ɗauka, sannan adadin buhuna ya zama cikakke. Idan aka manta da sharaɗin mota, kwamfuta za ta ba da shawarar sayen kayan da babu abin ɗaukarsu.

Masu maimaita wannan lissafi duk mako kan rubuta makro, wato jerin umarni a harshen VBA da ke gudanar da aikin da kansa. Umarnin SolverAdd ne ke ƙara sharaɗi, kuma lamba ce ke fayyace nau'insa: 1 na nufin kada a wuce, 2 daidai, 3 kada a gaza, 4 kuma cikakken adadi, don haka musanya 1 da 3 kaɗai ya isa ya juya lissafin. Haka nan idan ba a fara da umarnin SolverReset mai share tsofaffin sharuɗɗa ba, sharuɗɗan makon jiya za su tsaya tare da na yau, su ɓata sakamakon. Wajibi ne kuma a duba lambar da umarnin SolverSolve mai warware lissafin ya dawo da ita, domin 5 na nufin ba a samu amsar da ta cika dukkan sharuɗɗan ba, ko da alƙaluma sun bayyana a jadawalin.

Bugu da ƙari, makro na iya ɗauke da muguwar manhaja, shi ya sa tun 2022 kamfanin Microsoft ke toshe na fayilolin da aka sauke daga intanet. Saboda haka kada a buɗe makron da ba a san marubucinsa ba, kuma kafin a fitar da kuɗi a gwada amsar kwamfuta da lissafin hannu.