Zafin Naƙuda Da Dokar Biyan Kuɗin Asibiti

Dukanmu mun tashi muna jin ana yabon macen da ta haihu ba a ji ko tarinta ba, ana cewa wance akwai dauriya. To, dauriya abin yabo ce. Amma yau ina so ku san cewa zafin naƙuda yana da magani, kuma sau da yawa abin da ke raba mace da maganin nan ba likita ba ne, takardar biyan kuɗi ce.

Akwai wata allura da ake kira efidural. Likitan da ya ƙware wajen kashe zafi shi ke yin ta, ba ungozoma ba. Zai sa wani siririn bututu a ƙasan bayanki, a riƙa ɗura magani kaɗan-kaɗan. Idonki biyu, kina magana, kina jin motsin ɗa, amma azabar ta ragu ƙwarai. Takan sa jini ya sauka, wata kuma ta yi ciwon kai bayan haihuwa, shi ya sa dole a tsaya a kanki ana awo. Watau tana cin lokacin ma'aikaci, lokacin nan kuwa sai an biya.

Ku dubi abin da ya faru a Faransa. A 1981 matan da ke samun allurar nan ba su wuce huɗu cikin ɗari ba. A 1994, zamanin da wata mace, Simone Veil, ke ministar lafiya, aka ce asusun gwamnati zai biya kuɗinta duka. Da aka yi ƙidaya a 2016, fiye da takwas cikin goma na masu naƙuda suna samunta. Matan Faransa ba raki suka ƙara ba. Asibiti ne ya tabbata za a biya shi.

A nan Nijeriya an kafa dokar inshorar lafiya a 1999, ta fara aiki a 2005, sa'an nan a 2022 aka sake ta, hukumar ta koma NHIA. Ga inda gizo ke saƙa. Ƙananan ciwo, asibitin da kika yi rajista ana ba shi kuɗi ƙayyadadde kowane wata a kan kowane mutum, ko kin je ko ba ki je ba. Babban aiki kuwa sai an nemi lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, kafin a biya. To, ke da naƙuda ta kama ki da tsakar dare, wa zai tsaya neman lamba? Ni dai a ganina wannan ƙa'ida ba da mai ciki a zuci aka tsara ta ba.

Saboda haka kada ki bari sai ranar. Tun kina zuwa awon ciki, ki tambayi nas ko asibitin yana da likitan da ke yin allurar, da dare ma yana nan ko kuwa da rana kaɗai. Ki sa maigida ya tambayi kamfanin ko suna biya, in ba sa biya nawa ne, a tanada tare da kuɗin ragon suna. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi.