Aljabara da Awon Fili a Rabon Gado: Misali daga Masarautar Daura

Gabatarwa

Ɗalibai da dama a ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango suna ɗaukar aljabara a matsayin baƙon ilimi, domin da Ingilishi ake koyar da ita. Alhali kuwa malaman zaure da alƙalai sun daɗe suna aiki da ita wajen rabon gado. Wannan maƙala ta kawo misalai biyu don fito da wannan alaƙa.

Tushen Ilimin

Kalmar aljabara ta samo asali ne daga sunan littafin da Al-Khawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajejen shekarar 820, wanda babban kaso nasa ya ƙunshi mas'alolin gado da wasiyya. Daga ƙasar Hausa ma, Muhammad Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lissafi, inda jimillar kowane layi take zama ɗaya.

Aljabara a Rabon Dukiya

A ƙaddara magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, kuma bayan biyan bashi dukiyarsa ta kama naira 800,000. Matar tana da sumuni, wato naira 100,000, saura 700,000. Tunda namiji yana da rabon mata biyu, sai a kira rabon 'yar x, na kowane ɗa kuma 2x. Jimilla ita ce 5x = 700,000, don haka x = 140,000. 'Yar za ta karɓi naira 140,000, kowane ɗa 280,000. Abin da malamin fiƙihu yake kira sahami shi ne malamin aji yake kira x.

Awon Gona

Rabon gona ya fi sarƙaƙiya, saboda ba kasafai gona take da gefuna daidai ba. A ɗauki gona mai faɗin mita 60 a gabas da mita 40 a yamma, gefunan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tsakaninsu mita 50. Girmanta shi ne (60 + 40) ÷ 2 × 50, wato mita murabba'i 2,500. Idan aka ja igiya a tsakiyar tsawon don raba wa 'yan'uwa biyu, na gabas zai samu 1,375, na yamma 1,125. Ido zai ga an raba daidai, amma an tauye wa ɗaya mita murabba'i 125 daga haƙƙinsa. Irin wannan kuskure yakan raba zumunci, ya kai 'yan gida ɗaya gaban alƙali.

Kammalawa

Misalan sun nuna cewa Hausa tana da kalmomin lissafi irin su sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni. Aikin da ke gaban masana shi ne tattara su daga bakin malamai da masu awo, a daidaita su, domin ɗalibi ya fahimci darasin da harshen da yake tunani da shi.