Tiyatar Gyaran Muƙamuƙi: Kada a Yanke wa Fuska Hukunci Kafin Kumburi Ya Sace

Wanda aka yi wa aikin ƙaba ko na ciki, da ya sa riga magana ta rufu, sai wanda ya ga dama ya gaya wa. Wanda aka yi wa aiki a muƙamuƙi ba shi da wannan gata. Da fuskar zai je masallaci, da ita zai koma makaranta ko kasuwa, kuma duk wanda ya gamu da shi ba ya rasa abin cewa. Shi ya sa da yawa daga masu jiran wannan tiyata, fargabar yadda kamanninsu za su koma ta fi zafin aikin hana su barci. Bayan an yi kuma, sai ka iske mutum ya kulle kansa a ɗaki, ya daina ɗaukar waya, yana ta da-na-sani.

Wannan damuwa gaskiya ce, likitocin fannin kuma sun san da ita. Abin da ya kamata majiyyaci da danginsa su riƙe shi ne, fuskar da ake gani a makonnin farko ta kumburi ce, sakamakon aikin yana can gaba. Ko bayan ƙashi ya haɗe, ido da zuciya suna bukatar nasu lokacin kafin su saba.

Wane irin aiki ne, kuma wa ake yi wa?

Akwai wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, haƙoran ƙasa suka yo gaba. Akwai wanda nasa ya koma baya har haɓa ta kusa ɓacewa. Wani ko ya rufe baki haƙoran gaba ba sa haɗuwa, tsire ma ba ya iya gatsa. Wani kuma fuskar ce ta karkace gefe guda. Abin yakan zo ta gado, ko ta faɗuwar ƙuruciya da ta taɓa mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne, ko tsagewar leɓe da ganɗa da aka haifi yaro da ita, ko karayar hatsarin babur da ta haɗe a karkace. Illar ba ta tsaya ga kamanni ba. Tauna tana wuya, wasu haruffa ba sa fita daidai, haƙora suna cinyewa, wasu kuma suna fama da minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1849 wani likita a Amurka mai suna Simon Hullihen ya wallafa yadda ya gyara muƙamuƙin wata budurwa da tabon ƙuna ya lanƙwasa. A shekarun 1950 kuma Hugo Obwegeser, wanda ya yi suna a birnin Zurik, ya fito da dabarar tsaga ƙashin muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki, wadda har yau ita ake bi. Galibi ta cikin bakin ake yankan, don haka ba a cika barin tabo a waje ba. Likita zai raba ƙashin, ya matsar da shi inda ya dace, ya ɗaure da 'yan faranta da kusoshin ƙarfen titaniyam. Matsawar sau da yawa ba ta kai santimita ɗaya ba, amma a fuska milimita biyar ba ƙaramin abu ba ne.

Ana jira sai ƙashi ya gama girma, wajen shekara 14 zuwa 16 ga mata, 17 zuwa 21 ga maza. Kafin aikin kuma akan ɗaura wa haƙora wayar daidaitawa na kamar wata 12 zuwa 18. A nan wasu ke fara karaya, domin wayar tana mayar da kowane haƙori mazauninsa na asali, sai bambancin muƙamuƙan biyu ya ƙara fitowa fili. Wannan cikin tsarin yake.

A ƙasarmu, asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Masu karaya da masu ƙari a muƙamuƙi suna cika layinsu. A Sakkwato kuma akwai asibitin masu cutar noma da aka buɗe a 1999, inda ake sake gina fuska mataki-mataki. Ayyukan sun bambanta, amma fargabar kallon madubi ɗaya ce ga kowa.

Abin da za a gani a madubi

Kumburi yana kai ƙololuwa ne a kwana na biyu zuwa na uku. A wannan lokaci kumatu sun cika tam, leɓɓa sun yi kauri sun tsattsage, hanci ya toshe, yawu yana zuba mutum bai sani ba saboda leɓen ƙasa ba ya ji. Robobi sun riƙe haƙora, magana ba ta fita sosai, abinci sai da sirinji ko ƙaramin cokali. Jinin da ya taru a ƙarƙashin fata yakan gangara har wuya da ƙirji, ya canza launi kafin ya baje. Wanda ba a gaya masa tun farko ba, idan ya ga haka dole hankalinsa ya tashi.

Daga nan kumburin zai fara sauka. Cikin mako biyu zuwa uku babban kaso ya tafi, ƙashin kuma yakan kama cikin kamar mako shida. Sauran kumburin da ke maƙale gefen hanci da leɓen sama shi ne mai taurin kai, yana iya kai wata shida, wani lokaci har shekara. Kuma ba lallai ya sauka daidai a ɓangarorin biyu ba. Sai mutum ya tashi da safe ya ga kuncin hagu ya fi na dama, ya ce an karkatar masa da fuska, alhali gefen da ya kwanta a kai ne ya tara ruwa. Murmushi ma yakan yi tauri na 'yan watanni kafin naman fuska ya saki.

Ga kuma rama. Makonni ana shan ruwa-ruwa, dole jiki ya faɗa, ramar kuma tana nata canjin a fuska. Don haka a dage da abinci mai gina jiki: kunun gyaɗa, madara, fura da nono da aka dama sosai aka tace, romon nama, wake da ƙwai da aka niƙa. Goro, rake, kilishi da ƙashin miya sai likita ya ba da izini.

Canjin da zai zauna

Bai kamata a yi wa kowa alkawarin cewa fuskarsa za ta dawo yadda take ba, tunda an matsar da ƙashin da ke ɗauke da ita. Idan aka turo muƙamuƙin sama gaba, leɓen sama yana cikowa, hanci yakan ɗan buɗe ta ƙasa, bakinsa ya ɗan ɗaga. Likitoci suna da ɗinkin da suke yi daga ciki don rage wannan buɗewa. Idan aka mayar da na ƙasa baya, haɓa tana raguwa, wani lokaci fatar ƙarƙashinta ta ɗan taru. Idan gaba aka jawo shi, haɓa da layin muƙamuƙi su fito sosai. Yawan haƙori da dasashin da ake gani lokacin dariya shi ma yana canzawa.

Akwai jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ita ke kai ji zuwa leɓe da haɓa. Aiki yakan ja ta ko ya matse ta, sai wurin ya mutu. Ga mafi yawan mutane jin yana dawowa a hankali cikin watanni, da tsikari ko ƙaiƙayi, amma wasu suna zama da ragowar rashin jin har abada. Wannan ba ya hana leɓen motsi, kuma mai kallo ba ya gani. Sai dai wanda leɓensa ba ya ji yakan ɗauka ya kumbura ko ya saki, ko da lafiya ƙalau yake.

Me ya sa ido ke ƙin sabuwar fuska?

Mutum ya shekara ashirin ko talatin yana ganin fuska ɗaya kullum. Abin da ido ya saba da shi, shi yake ɗauka daidai, ko da a karkace yake. Ka dubi ƙaramin yaron da babansa ya aske gemun da ya daɗe da shi: sai ya fashe da kuka ya ƙi zuwa, bayan kwana biyu kuma ya manta an taɓa yin gemun. Babba ma haka ƙwaƙwalwarsa take, sai dai shi sabonsa ya fi ɗaukar lokaci, domin fuskarsa ce da kansa.

A makonnin farko kuma abubuwa suna taruwa: rashin barci, yunwa, magunguna, zaman ɗaki, da wahalar magana. Shi ya sa ƙuncin zuciya da saurin kuka a wannan lokaci sanannen abu ne, kuma yakan yaye idan ci da barci suka daidaita. Waya tana ƙara dagula lamarin. Hoton da mutum ya ɗauki kansa a kusa yana ƙara wa hanci girma fiye da yadda yake a zahiri, ga shi ana ɗauka sau goma a rana ana gwadawa da na wasu a TikTok da Instagram. Dabarar da ta fi ita ce hoto ɗaya a mako, wani ya ɗauka daga ɗan nesa, a wuri ɗaya da haske ɗaya. Idan aka jera su bayan wata biyu, mutum zai ga saukar da idonsa bai lura da ita ba.

Akwai kuma wata larurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ƙwallafa rai a kan wani aibi a jikinsa wanda sauran mutane ba sa gani ko suke ganin bai kai ya kawo ba, ya shafe awanni gaban madubi. Mai wannan larura tiyata ba ta cika gamsar da shi ba, ko aikin ya yi kyau. Idan likita ya ce a fara ganin masanin halayyar ɗan Adam kafin aiki, ba hauka yake nufi ba, taimako ne.

Kira ga 'yan dubiya

Dubiya lada ce, amma harshe yana iya ɓata ta. Goggo ta shigo da kwanon kunu, ta ɗaga labule, ta dafe ƙirji: "Innalillahi! 'Yar nan, me suka yi miki haka? Ai ban gane ki ba!" Wata ta ɗora: "Da ma kin bar abinki yadda Allah Ya yi ki." Su sun fita sun manta, ita kuwa da maganar za ta kwana. Mai jinya ya tari baƙi tun daga ƙofa ya gaya musu akwai kumburi kuma zai sauka. A taƙaita zama, kada a ɗauki hoto a tura dandalin dangi na WhatsApp. "Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi" ta isa. Kuma kada wani ya kawo shawarar gashi da ruwan zafi, ko ƙaho, ko tsaga, ko shafe-shafe a kan kumburin. A ƙarƙashinsa akwai yankakken ƙashi da ɗinki, fatar kuma ba ta ji, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Masu jin tsoron ko sun canza halittar Allah, su sani malamai sun bambanta ado na son rai da gyaran larura. Suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ake yi don gyara aibi ko maido wa gaɓa aikinta.

Abin da ba a yi wa haƙuri

Jira na kamanni ne kawai. A koma asibiti nan take idan numfashi ya yi wuya, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko kumburin da ya fara sauka ya dawo da zafi da ja, ko mugunya da wari suna fita, ko haƙora suka daina haɗuwa yadda likita ya bar su. Haka nan idan ƙuncin zuciya ya wuce mako biyu ba sassauci, mutum ya ƙi ci, ya ƙi mutane, ko ya fara zancen gara mutuwa, a kai shi ga likita a ranar. A kwanta da kai a ɗage, kada a fyace hanci a makonnin farko idan an taɓa muƙamuƙin sama, a kuma bar taba da shisha, domin suna hana ƙashi da ɗinki warkewa.

Kafin a sa hannu a takarda

Matambayi ba ya ɓata. A tambayi likita: wane muƙamuƙi za a matsar, kuma milimita nawa? Me zai faru da hanci da leɓe da haɓa? Ana iya ganin hotunan waɗanda aka yi wa irin aikin, da yardarsu? Inda ake da kwamfutar da ke zana yadda fuska za ta koma, a kalla, amma a sani kintace ne. A faɗi abin da ake so ya canza, a kuma faɗi abin da ba a so a taɓa. Mai sikila, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko mai shan wani magani na asibiti ko na gargajiya, ya bayyana tun farko. A tabbatar ƙwararren likitan wannan fanni ne zai yi aikin, a asibitin da ke da kayan sa barci da kula da numfashi. Kada a sa ranar biki ko jarrabawa kusa da ranar aiki.

Bayan an yi, a riƙa zuwa duk ranakun da aka ba da na komawa, a rubuta abin da ke damun rai a tafi da shi. Idan shekara ta cika kuma har yanzu akwai abin da bai kwanta wa mutum ba, yana da haƙƙin ya zauna da likitansa a duba hotunan kafin aiki da na bayansa, ko ya nemi ra'ayin wani ƙwararren, domin a lokacin ne ake iya sanin ko akwai abin da ke bukatar gyara.